Mai Takardar Likita da Mai Haɗin Kemis: Wa Aka Fi Saurin Ganowa Idan Hanji Ya Lalace?

Akwai magungunan da aikinsu shi ne kwantar da garkuwar jiki, kuma a Dutsin-Ma da Kurfi akwai mutum iri biyu da ke shan su. Na farko da saninsa yake sha. An yi masa dashen ƙoda, wataƙila a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara wannan aiki a 2002, ko a Indiya ko Masar, ya dawo gida da takrolimus da maikofenolet da firednisolon, waɗanda zai riƙa sha muddin ƙodar na jikinsa. Na biyu bai ma san sunan abin da yake haɗiya ba: manomi ne da ke sayen haɗin gajiya da ciwon gaɓɓai a kemis kowace yamma, ko budurwa mai shan deksa, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe, don ta yi jiki kafin biki. Dukansu hanjinsu na iya samun illa, amma hanyar da ake bi a gano ta ta sha bamban.

In don ƙarfin magani ne, mai dashen ƙoda ya fi ɗaukar nauyi. Maikofenolet kansa yana sa gudawa, wani lokaci ya kumbura bangon babban hanji har ya yi kama da wata cuta daban. Ƙwayar cutar CMV, wadda yawancin manya ke ɗauke da ita tun yarinta ba tare da ta dame su ba, kan farka idan garkuwa ta kwanta, ta yi wa hanji gyambo har a ga jini a bayan gida. Tarin fuka ma kan sauka hanji. Abin da ke wahalar da likita shi ne alamun duk ɗaya ne, gudawa da murɗar ciki da rama, alhali maganin kowanne daban: wani rage ƙwaya yake so, wani maganin CMV, wani kuma maganin tarin fuka na watanni. Shi ya sa ake gwada bayan gida da jini, in ta kama a zura na'urar leƙen hanji a gutsuro ɗan nama a duba. Wannan aiki ne na manyan asibitocin Katsina da Kano, kuma yana cin kuɗi. Amma mai dashen yana da abu guda da ke cetonsa: yana shiga asibiti zai ce, "Likita, an yi mini dashe," nan take a san inda za a sa ido.

Mai haɗin kemis nasa maganin bai kai wancan yawa ba, sai dai haɗin ne mugu. Sau da yawa akan tarar da firednisolon ko deksa tare da maganin ciwon jiki irin diklofenak, kuma haɗuwarsu na ƙara haɗarin gyambon ciki, da zubar jini, da hudewa. Ga kuma wata tsutsar ciki, sitiranjilodis, da ke shiga ta fatar ƙafa daga ƙasa mai laima da ta gurɓata da bayan gida, irin ƙasar da mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe kan taka ba takalmi. Tana iya zama shekaru gommai a jiki shiru. Da an daɗe ana shan deksa sai ta hayayyafa, ta keta bangon hanji, ta ja ƙwayoyin cuta zuwa cikin jini. Ibamektin, wanda aka fi sani da Mectizan, yana kashe ta, amma sai an tuna da ita tukuna, domin gwajin bayan gida sau ɗaya kan kuskure ta.

Inda bambancin ya fi tsanani shi ne ranar da hanji ya hude. Likitocin Arewa sun saba da hudewar hanji ta taifot: yaro ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, ciki ya ƙandare, ko taɓawa ba ya so a yi. Firednisolon da deksa kuwa suna ɗaure bakin mai gadi ne alhali ɓarawo na cikin gida. Zazzaɓi ba ya tashi sosai, ciki na nan da laushi, ciwon ma kaɗan-kaɗan. Ƙididdigar fararen ƙwayoyin jini ba ta raba gardama, tunda maganin kansa yana ɗaga ta. Ga mai dashe, likita ya san da wannan, don haka ƙaramin ciwon ciki ma sai ya nemi hoto. Mai haɗin kemis fa? Ya ce cikinsa na ɗan ciwo, a yi gwajin Widal, wanda ke yawan nuna taifot ko babu ita, a sallame shi da ƙwayoyi. Kafin ya dawo, ƙazanta ta cika ciki.

Ke nan wanda ya fi shan magani mai ƙarfi shi ya fi samun kariya, domin an san shi. Abin da zai cike giɓin kuwa bai fi ƙarfin asibitin gari ba. Hoton eksire na ƙirji, a tsaye, yakan nuna iskar da ta ɓalle daga hanji ta taru a saman ciki, ko da yake ƙaramar huda kan ɓuya sai an yi siti sikan. Kafin hoton akwai ido da tambaya. Labarin zuciya a tambayi fuska: fuskar da ta yi zagaye ta cika, kitse a bayan wuya, nankarwa mai faɗi a ciki, ƙafafu sirara, duk shaidar an daɗe ana shan deksa ne. Tambayar ma sai an iya ta. In aka ce, "Baba, kana shan magani?" zai ce a'a, don shi haɗin gajiya ba magani ba ne a wurinsa. Gara a ce, "Me kake saya a kemis in jiki ya yi tsami?" Budurwa kuma a tambaye ta ba a gaban iyaye ba, don kunya na hana gaskiya fita.

Wanda ya gane kansa a nan kada ya watsar da ƙwayar dare ɗaya. Bayan makonni uku ana sha, jiki kan rage yin nasa sinadarin mai kama da maganin, kuma yankewa farat ɗaya na iya faɗar da jini har a rasa rai. A hankali ake ragewa, a hannun likita. In ciki ya yi ciwo, a tafi asibiti da ƙwayoyin gaba ɗaya, har waɗanda ba su da kwali, domin ko tiyata za a yi, mai aikin na bukatar sanin abin da aka sha kafin ya sa wuƙa.