Jitar Agadas a dandalin Coachella

A watan Afrilun 2024 Mdou Moctar, ɗan Nijar, ya hau dandalin bikin Coachella a Amurka da rawaninsa da jitarsa mai lantarki. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

Turawa na jin bulus da rok a kiɗan, amma tushensa na gida ne. Gajeren sauti yake maimaitawa irin na kiɗan takamba, ganga na ƙara sauri, yatsunsa na gudu kan tsirkiya har lasifika ta yi ƙara. A bukukuwan auren Agadas ya goge, inda janareta ke ba da wuta, matasa na tayar da ƙura. Waƙoƙinsa kuwa ta katin memori na waya suka fara yaɗuwa.