Kanwa, tsami da gwajin maganin ƙwari

Ƴan'uwa manoman Damargu, idan fara ta sauka a gonar gero, kamar yadda ta yi a ƙasar Tanut a shekara ta 2004, kowa magani yake nema. Amma kafin a yarda a sayar da magani, sai masana sun yi masa gwaje-gwaje da dama. Yau za mu yi bayanin ɗaya daga cikinsu, da dalilin da ya sa wani lokaci ake yafe shi.

Mene ne wannan gwaji?

Kowace mace ta san kanwa tana kashe tsami. Ruwa ma haka yake: wani yana da ɗan tsami, wani kuma yana da kanwa. Akwai magungunan da idan suka shiga ruwa sai su rabu gida biyu. Yawan wannan rabuwa ya danganta da tsamin ruwan ko kanwarsa. Masana suna auna ta, su rubuta lamba. Wannan lamba ita ce ma'aunin rabuwa.

Da wannan lamba ake gane halin magani. Zai manne wa ƙasa ne, ko ruwan sama zai kwashe shi zuwa tabki da rijiya? Zai ratsa fatar mutum da sauƙi? Zai shiga jikin dabbar da ta sha ruwan?

Yaushe ake yafe shi?

A shekara ta 2006 ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa doka mai suna REACH. Dokar ta ce duk kamfanin da ke yin tan 100 ko fiye na wani sinadari a shekara, sai ya kawo wannan lamba. Amma ta ba da izinin barin gwajin a wurare kamar haka:

1. Idan rabin sinadarin yana lalacewa cikin ruwa kafin awa 12.
2. Idan iskar da ke cikin ruwa tana saurin sauya shi.
3. Idan babu na'urar da za ta iya auna shi daidai.

Dalili a fili yake: abin da ya lalace kafin a gama awo ba ya aunuwa. Amma kamfani ba ya barin gwaji don ganin dama. Dole ya rubuta hujjarsa, hukuma ta duba. Kuma yafe gwaji ɗaya bai nuna cewa maganin ba shi da guba ba. Sauran gwaje-gwajen suna nan.

Mu fa a Sahel?

Ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun kafa kwamitin magungunan ƙwari na Sahel. Ya fara aiki a Bamako a shekara ta 1994. Kamfani ya kawo takardun gwaji, masana su duba, sa'an nan a ba magani lamba. Ta wannan hanya aka hana maganin endosulfan a shekara ta 2007, saboda illarsa ga mutane da ruwa.

Maganin da ake ɗurawa cikin kwalba marar takarda a kasuwa, ba yafe masa gwaji aka yi ba. Babu hukumar da ta duba shi ko sau ɗaya.

Abin da manomi zai kiyaye

Magungunan ƙwari da yawa, irin su malatiyon, suna saurin lalacewa cikin ruwa mai kanwa. Manomi ya yi feshi, ƙwari ba su mutu ba, ya yi asarar kuɗi da hatsi. Saboda haka:

– A sayi magani mai takarda da lambar izini kaɗai.
– A dama shi da ruwa mai tsabta, marar kanwa.
– A fesa nan take. Kada damammen magani ya kwana cikin famfo.
– Kada a wanke famfo bakin rijiya ko tabki.
– Kada a zuba ruwan sha ko mai cikin galan ɗin magani.

Wanda ya koyi karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa takardar da ke jikin kwalba. Abin da ya shige masa duhu, ya tambayi malamin gona a Tanut ko Balbeji. Allah ya ba mu damina mai albarka.