Larurar ƙarancin mayar da hankali a tsakanin manya

Larurar ƙarancin mayar da hankali da yawan motsi, wadda aka fi sani da ADHD a taƙaice, larura ce da ta shafi bunƙasar ƙwaƙwalwa. Tana sa mutum ya sha wahala wajen tsayar da hankalinsa a kan abu ɗaya, da tsara ayyukansa, da kame kansa daga aikata abu cikin garaje. Tana farawa tun ƙuruciya, kuma a wurin mutane da yawa ba ta gushewa bayan sun girma, sai dai ta sauya kama. An ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na yara da kusan kashi 2.5 cikin 100 na manya a duniya suna da ita. Akwai manya da dama da ba a gano larurar a tare da su ba lokacin da suke yara, suka tashi ana kiran su malalata, ko masu shiririta, ko masu rawar kai.

Suna

Haruffan ADHD sun fito ne daga sunan larurar a Turanci, wanda ma'anarsa ita ce ƙarancin mayar da hankali tare da yawan motsi. Akwai kuma tsohon suna, ADD, wanda aka yi amfani da shi a hukumance daga 1980 zuwa 1987. Har yanzu mutane suna kiran nau'in da ba shi da yawan motsi da wannan suna, duk da cewa likitoci sun daina rubuta shi. Masana da dama suna ganin kalmar "ƙaranci" ba ta bayyana ainihin matsalar ba, domin mai larurar yana iya nutsewa na sa'o'i a cikin abin da ke ba shi sha'awa. Abin da ke masa wuya shi ne juya hankalin zuwa inda ake buƙata a lokacin da ake buƙata. Kalmomin Hausa irin su ƙiriniya, garaje, mantuwa da shagala kowace tana nuna ɓangare ɗaya ne na alamomin, kuma samun ɗaya daga cikinsu kawai ba ya nufin mutum yana da larurar.

Alamomi

Littafin DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya kasa alamomin gida biyu, kowane gida da alamomi 9.

Alamomin rashin mayar da hankali su ne:

- yawan kuskuren sakaci a wurin aiki, kamar tsallake layi a takarda ko rubuta lamba ba daidai ba;
- kasa ci gaba da bin lacca, taro ko dogon karatu har ƙarshe;
- ana magana da mutum amma hankalinsa yana wani wuri;
- fara aiki da zafi sannan a bar shi ba a ƙarasa ba;
- wahalar tsara aiki da lokaci, har wa'adi ya riƙa wucewa;
- gudun aikin da ke buƙatar dogon tunani, kamar rubuta rahoto ko cike fom;
- yawan ɓatar da makulli, waya, tabarau ko takardu;
- saurin ɗaukewar hankali saboda ƙara, motsi, ko wani tunani da ya faɗo;
- mantuwa a harkokin yau da kullum, kamar biyan kuɗin wuta, mayar da kira ko cika alƙawari.

Alamomin yawan motsi da garaje su ne:

- kaɗa ƙafa, buga yatsu a tebur ko mutsu-mutsu a kujera;
- tashi daga wurin zama a inda ake son kowa ya zauna;
- jin rashin sukuni a jiki;
- kasa yin hutu ko nishaɗi cikin natsuwa;
- zama kullum a kan tafiya, har abokan hulɗa su gaji da binsa;
- yawan surutu;
- ba da amsa tun ba a gama tambaya ba, ko ƙarasa wa mutane maganarsu;
- kasa haƙurin jiran layi;
- katse mutane ko tsoma baki a abin da suke yi.

A jikin yaro, yawan motsi yana fitowa fili ta hanyar guje-guje da hawa-hawa. A jikin babba yakan koma ciki, ya zama rashin kwanciyar rai da tunani mai tsalle daga wannan zuwa wancan. Garaje kuma yakan bayyana a manyan shawarwari: ajiye aiki ba shiri, kashe kuɗi ba lissafi, ko gudun wuce sa'a da mota ko babur. Alamomin rashin mayar da hankali su ne suka fi daɗewa, kuma sukan ƙara yin nauyi idan mutum ya shiga jami'a, ya yi aure ko ya samu ƙarin girma a wurin aiki, domin a lokacin babu iyaye ko malamai da za su riƙa tsara masa rana.

Akwai wasu alamomi da ake yawan gani duk da ba sa cikin jerin 18 ɗin. Daga ciki akwai saurin fushi da saurin hucewa, jinkirta aiki har sai ya zama dole, rashin iya ƙiyasta tsawon lokacin da abu zai ɗauka, da wahalar yin barci da wuri.

Nau'o'i

An raba larurar zuwa nau'i uku bisa alamomin da suka rinjaya a cikin watanni 6 da suka gabata.

Na farko shi ne wanda rashin mayar da hankali ya fi yawa. Mai shi yakan kasance shiru-shiru, mai yawan zurfin tunani, ba ya damun kowa, shi ya sa ake daɗewa ba a lura da shi ba. Na biyu shi ne wanda yawan motsi da garaje suka fi yawa, kuma shi ne mafi ƙaranci a tsakanin manya. Na uku shi ne haɗaɗɗe, inda mutum ya cika sharuɗɗan gidajen biyu gaba ɗaya.

Waɗannan nau'o'i ba su zama dindindin ba. Yaron da aka gano da haɗaɗɗen nau'i yana iya komawa nau'i na farko idan ya girma, saboda motsin ya ragu. Wannan ne ya sa DSM-5 ya ɗauke su a matsayin yanayin bayyanar larura ɗaya. Littafin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, shi ma ya bi wannan rabo a ƙarƙashin lamba 6A05. Ana kuma auna tsananin larurar a mataki uku: mai sauƙi, matsakaici da mai tsanani.

A tsakanin yara ana samun maza kusan biyu a kan kowace mace ɗaya, amma tazarar tana raguwa a tsakanin manya. Mata sun fi samun nau'in rashin mayar da hankali, kuma da yawansu sai sun girma ake gano su, wani lokaci bayan an daɗe ana ba su maganin damuwa ko fargaba, ko bayan an gano larurar a jikin ɗansu.

Dalilai

Gado shi ne babban dalili. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa ƙwayoyin halitta suna da alhakin kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan larura. Ba ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo ta ba, ƙwayoyi ne masu yawa da kowace ke ba da ɗan ƙaramin tasiri. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari sun haɗa da haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi lokacin haihuwa, shan barasa lokacin goyon ciki, mummunan rauni a ka, da gubar dalma irin wadda ta addabi ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010.

A cikin ƙwaƙwalwa, larurar tana da alaƙa da yadda sinadaran dofamin da norefinefirin ke isar da saƙo, musamman a sashen gaba na ƙwaƙwalwa da ke kula da tsari, riƙe bayani na ɗan lokaci da danne sha'awa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwar yara masu larurar yana jinkirin kai wa ga cikar kaurinsa da kusan shekaru 3. Bincike bai nuna cewa shan sukari ko rashin tarbiyya ne ke haddasa ta ba, kuma samun ta ba ya nufin mutum yana da ƙarancin basira.

Yadda ake ganowa

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da larurar. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ne ke gano ta ta hanyar doguwar tattaunawa da bin tarihin mutum. Sharuɗɗan DSM-5 ga wanda ya kai shekara 17 su ne: alamomi 5 ko fiye daga gida ɗaya, a maimakon 6 da ake nema ga yara, su ɗauki aƙalla watanni 6, wasu daga cikinsu su kasance sun bayyana kafin shekara 12, a gan su a wurare biyu ko fiye, kamar gida da wurin aiki, kuma su kasance suna kawo cikas na gaske a rayuwa. Saboda sharaɗin ƙuruciya, likita yakan nemi jin ta bakin iyaye, yayye ko abokin zama, ya kuma duba tsofaffin sakamakon makaranta idan akwai.

Akwai takardar tambayoyi mai suna ASRS, wadda aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Tana da tambayoyi 18, kuma 6 daga ciki ake amfani da su wajen tantancewar farko. Sakamakonta yana nuna ko akwai buƙatar ganin likita ne kawai. Dole ne kuma a kawar da wasu abubuwa masu kama da larurar, kamar ciwon damuwa, fargaba, ƙarancin barci, matsalar maƙoƙo da shaye-shayen ƙwayoyi. A arewacin Najeriya, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna cikin wuraren da ake samun irin waɗannan ƙwararru.

Tasiri a rayuwa

Manya masu larurar da ba su samu kulawa ba sun fi fuskantar barin karatu, yawan sauya aiki, bashi, saɓanin aure da haɗarin mota. Wani babban bincike da aka yi a Denmak, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2015, ya gano cewa haɗarin mutuwa da wuri ya ninka kusan sau biyu a tsakanin masu larurar, kuma yawancin mace-macen daga haɗurra ne. Sau da yawa tana zuwa tare da ciwon damuwa, fargaba, shaye-shaye, matsalar karatu ko larurar otizim. Shekarun da mutum ya yi yana shan faɗa da zargi kuma sukan bar shi da raina kansa.

Magani

Larurar ba ta warkewa gaba ɗaya, amma ana iya shawo kan alamominta. Magungunan da aka fi amfani da su su ne masu zaburar da ƙwaƙwalwa, wato metilfenidet da dangin amfetamin, waɗanda ke ƙara yawan dofamin da norefinefirin a tsakanin jijiyoyi. Ƙa'idar hukumar NICE ta Birtaniya ta 2018 ta sanya lisdeksamfetamin ko metilfenidet a matsayin zaɓin farko ga manya. Idan ba su karɓi mutum ba, ana iya ba shi atomoksetin, wanda ba ya cikin masu zaburarwa. Illolinsu sun haɗa da rage cin abinci, hana barci, da ɗaga hawan jini da bugun zuciya, don haka ake auna waɗannan kafin a fara da kuma bayan an fara. Masu zaburarwar suna cikin magungunan da doka ta taƙaita a ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, kuma ba a shan su sai da takardar likita.

Bayan magani, akwai jinyar tattaunawa da ke koya wa mutum sauya tunani da ɗabi'a, da dabarun tsara rana: rubuta ayyuka a wuri ɗaya, saita ƙararrawar waya, yanka babban aiki zuwa ƙanana, ajiye makulli a wuri guda kullum, da nisantar da waya lokacin karatu. Motsa jiki da isasshen barci suna taimakawa. Fahimtar iyali ma tana da muhimmanci, domin tana rage ɗaukar mantuwa a matsayin raini.

Tarihi

Likitan Jamus Melchior Adam Weikard ya bayyana matsalar rashin mayar da hankali a littafinsa na 1775, sai Alexander Crichton ɗan Sikotland a 1798. A 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan yara masu irin waɗannan halaye. A 1937 Charles Bradley ya lura a Amurka cewa maganin Benzedrine yana natsar da irin waɗannan yara. An haɗa metilfenidet a Suwizalan a 1944, daga baya aka sayar da shi da sunan Ritalin.

An daɗe ana ɗaukar larurar a matsayin ta yara kawai, har littafin DSM-II na 1968 ya sanya ƙuruciya a cikin sunanta. Daga shekarun 1970 ne bincike, ciki har da na Paul Wender a Jami'ar Utah, ya nuna tana bin mutane har girma. DSM-IV na 1994 ya kawo rabon gida uku, a 2002 aka amince da atomoksetin ga yara da manya a Amurka, sannan DSM-5 ya ɗaga shekarun fara bayyanar alamomi daga 7 zuwa 12 ya kuma ƙara misalan da suka dace da rayuwar manya.