Hasken Da Ke Nuna Wa Likita Gudun Jini A Hanji

Duk likitan fiɗa da ya yanke hanjin da cuta ta ci, ya haɗa bakuna biyun da suka rage ya ɗinke, akwai tambaya guda da ke damunsa: shin jini yana kaiwa bakin ɗinkin nan sosai? In yana kaiwa, naman zai kama ya warke. In kuwa ba ya kaiwa, bayan 'yan kwanaki ɗinkin zai saki, ƙazanta ta malala cikin ciki, a sake komawa da majiyyaci ɗakin fiɗa. Wani lokaci ma abin yakan kai ga rasa rai.

A da, ido da hannu likita yake dogara da su. Ya dubi launin hanjin, ya taɓa jijiya ya ji bugunta. Amma a shekarar 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya cire mafitsarar ɗaci ta ƙaramar kafa ba tare da ya tsaga ciki ba, kuma a 1991 aka fara ba da rahoton yanke babban hanji ta wannan hanya a Amurka. Ana huda 'yan ƙananan kafofi, a hura iska cikin ciki, a zura kyamara, likita yana aiki yana duban allo. Majiyyaci yakan warke da wuri, sai dai hannun likita ba ya kaiwa ga hanjin. Ido kaɗai ya rage, shi kuwa ido ba mudu ba ne.

To, a nan ne wani koren rini mai suna indocyanine green ya shigo. Kamfanin Kodak ne ya sarrafa shi a 1955, aka yarda da amfani da shi ga mutane a Amurka a 1959. Ana yin allurarsa a jijiya, ya bi jini. Sa'an nan kyamarar ta haska hanjin da wani irin haske wanda idon mutum ba ya gani. Cikin kamar minti guda, duk inda jini ya kai sai ya yi ƙyalli a allo, inda bai kai ba ya zauna duhu. Likita sai ya matsa ya yanke a inda ƙyallin yake. Hanta kuwa takan kwashe rinin cikin 'yan mintoci.

Shin abin yana da amfani? A wani bincike da aka buga a Amurka a 2015, cikin majiyyata 139, rinin ya sa likitoci sun sake shawara a kan mutum 11. A Japan, a 2023, an gwada mutum fiye da 800 masu sankarar dubura: ɗinki ya saki ga kashi 7.6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa rinin, da kashi 11.8 na waɗanda ba a yi wa ba. Amma wani gwajin na Amurka a 2021 bai ga bambanci ba.

Cikas ɗin shi ne, har yanzu likita ne ke kimanta ƙarfin ƙyallin, kuma likitoci biyu suna iya saɓawa. Don haka masana suka duƙufa wajen sa kwamfuta ta auna saurin zuwan ƙyallin da lissafi. Wasu kuma a Holand suna gwada hasken leza, wanda ke gane motsin ƙwayoyin jini ba tare da allura ba.

Mai karatu ya lura, ƙarancin jini ba shi kaɗai ke sa ɗinki ya saki ba. Da rashin abinci mai kyau, da shan taba, da ɗinkin da aka ja ya yi tsauri. Na'urar dai fitila ce ta ganin hanya. Yanke shawara kuwa yana nan a wuyan likita.