Usur ɗin Mafarauci: Sautin da Kare Ke Jira

(Sautin usur: busa ɗaya doguwa, sannan gajeru biyu)

Wannan busa da kuka ji magana ce aka yi wa kare. Doguwar ta ce masa ya tsaya cak ya dubi ubangidansa. Gajerun biyu kuma sun ce ya juyo ya sake hanya. Yau za mu leƙa Birtaniya, wurin masu farautar tsuntsaye da bindiga, mu ji yadda suke zaɓen usur ɗin da za su hori karnukansu da shi, da kuma dalilin da ya sa kaifin sautin ɗan wannan abu, wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba, yake da muhimmanci haka a wurinsu.

A can farauta tana da lokacinta a doka. Ranar 12 ga Agusta ake buɗe harbin wani tsuntsu dangin fakara da suke kira giraus, a tuddan Sukotilan da arewacin Ingila. Ranar 1 ga Oktoba kuma sai a shiga na fezan, mai doguwar wutsiya, wanda girmansa ya kusa na zabo, ana yi har 1 ga Fabrairu. Lokacin sanyi ne da ruwa da hazo. Kuma kowane kare da aikinsa. Akwai Sifaniyel, ɗan gajere mai dogayen kunnuwa, wanda ke kutsawa cikin sarƙaƙiya yana tayar da tsuntsu. Akwai Labrado, wanda ke zaune shiru har sai an yi harbi, sannan a aike shi ya ɗauko abin da ya faɗi, ya kawo shi a baki ba tare da haƙori ya huda naman ba.

To, me ya hana a kira kare da baki kawai? Abu biyu ne. Na farko, muryar mutum tana korar tsuntsu tun kafin a iso shi. Na biyu, kuma shi ne ya fi nauyi a ganina, murya tana tona abin da ke cikin zuciya. In ranka ya ɓaci, kare ya ji. In ka firgita don ya nufi titin mota, ya ji. Karen da ya ji fushi a kiran ubangidansa kuwa sai ya yi ta jan ƙafa, ko ya ƙi dawowa gaba ɗaya. Usur ba ya ɗaukar fushi kamar yadda maƙogwaro ke ɗauka. Sautin da ya fitar da safe shi zai fitar da yamma, bayan an gaji an jiƙe.

Sunan da za ka fi ji a bakin waɗannan mafarauta shi ne Acme. Kamfani ne na birnin Bamingam, wanda Joseph Hudson ya kafa a 1870. Shi ne ya yi wa ’yan sandan Landan usur a 1883, shekara guda bayan haka ya fito da irin na alƙalan wasa mai ɗan ƙwallo a ciki. Usur ɗin karnuka na wannan kamfani lamba gare su, kuma da lambar ake cinikinsu: 210½, da 211½, da 212. Mafarauci ba ya cewa a ba shi usur, sai dai ya ce a ba shi 211 da rabi.

Bari mu ɗan tsaya a kan abin da lambar ke nufi. Sauti girgizar iska ce. In girgizar ta yi yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, sai sautin ya fito siriri mai kaifi, kamar kukan gyare. In ta ragu, sai ya yi kauri, kamar na tambari. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga 20 har kusan 20,000 a daƙiƙa, kuma shekaru suna rage wannan. Kunnen kare ya wuce 40,000. Waɗannan usur da muka ambata suna busawa ne a wajejen 5,000 zuwa 6,000, inda mutum da kare duk suke ji sarai. 210½ ya fi siranta, 211½ ya ɗan fi shi kauri.

(Sautin usur biyu, ɗaya bayan ɗaya)

Bambancin kaɗan ne a kunnenmu. A daji kuwa yana da tasiri, saboda iska da ganyaye sun fi saurin cinye siririn sauti, mai kauri ya fi cin nisa. Daga nan al’adar mafarautan ta samo asali. Sifaniyel yana aiki ne a gaban ubangidansa, yana kai da komowa dama da hagu, bai kamata ya wuce inda harsashi zai kai ba, wato taku ashirin zuwa talatin. Shi siririn usur ya ishe shi, kuma kaifinsa na ratsa ƙarar ƙaya da busasshen ganye da yake kutsawa. Shi ya sa aka san 210½ da masu Sifaniyel. Labrado kuwa akan tura shi mita ɗari, ɗari biyu, wani lokaci ƙetaren kogi, ya nemo tsuntsun da bai ma ga faɗuwarsa ba. A nan ake ganin gwaninta: mai kare ya busa sau ɗaya, kare ya ja birki ya juyo, a miƙa hannu dama ko hagu, ya bi. Wannan aiki na nesa shi ya sa masu Labrado suka riƙe 211½.

Akwai wani lissafi da sabon shiga kan manta. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Ke nan in karenka yana nisan mita 200, busarka ba za ta isa kunnensa ba sai bayan fiye da rabin daƙiƙa, kuma kare mai gudu ya riga ya yi ’yan mitoci a wannan ɗan lokaci. Wanda ya san aiki yakan busa tun kafin kare ya kai wurin da ake son ya tsaya.

Amma kada mai sauraro ya ɗauka cewa an halicci kunnen Labrado don wata lamba, na Sifaniyel don wata. Labrado da aka hora da 210½ zai amsa shi har tsufansa. Abin da lambar ta ba mafarauci, wanda ya fi komai daraja, shi ne tabbaci. Da roba ake zuba waɗannan usur a mazubi ɗaya, don haka duk 211½ da ka saya, yau ko baɗi, sautinsa ɗaya ne. In naka ya faɗa ruwa, ka zaro na aljihu, kare ba zai ji wani canji ba. In matarka ko ɗanka za su fita da shi, su rataya irinsa. Wanda ya sayi horarren kare, tambayar da bai kamata ya bar wurin bai yi ba ita ce: da wace lamba aka hore shi? Akwai kyawawan usur da ake sassaƙawa da hannu daga ƙahon barewa, abin sha’awa a wuya, amma kowanne da muryarsa, kuma ranar da ya ɓace sai an sake koya wa kare sabon sauti.

Sai kuma wanda ake kira usur marar sauti. Tushensa na komawa ga masanin Ingila Francis Galton, ɗan’uwan Charles Darwin, wanda a 1876 ya ƙera usur da ake iya ƙara wa kaifi har ya wuce jin mutum. Ya maƙala shi a sandar hannu yana yawo da shi a gidan namun daji na Landan, yana lura da dabbar da ta ɗaga kunne, kuma ya gano kyanwa ta yi fice a wannan ji. A 1935 Acme ta fitar da irin wannan don karnuka. Yana da amfani ga mai zama cikin maƙwabta. Amma ni ban ga hikimar fara horo da shi ba. In ba ka jin abin da ka busa da kyau, ta yaya za ka san busar yau ta yi daidai da ta jiya? Ga shi kuma ana murɗa shi ne don saita sauti, kuma abin da ake murɗawa yana iya gocewa a aljihu. Mai ɗan ƙwallo a ciki ma yana da nasa cikas: yawu da sanyi kan sa ƙwallon ya maƙale, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Mafarautanmu na nan gida, masu fita da karnuka da rani, sun san wani ɓangare na wannan magana, domin kare yakan gane fiton ubangidansa a cikin hayaniyar jama’a. Haka abin yake a Ingila ranar babbar farauta, inda za ka tarar da mutum goma duk da 211½ a wuya. Karnukan sukan rarrabe, saboda kowa da yadda yake sarrafa harshe da numfashi.

Horon kansa tun kare yana ɗan kwikwiyo ake fara shi, a bakin kwanon abinci. A yi gajerun busa a jere, ya rugo, ya tarar da abinci. Kafin ya yi wayo, wannan sauti ya zame masa albishir. Busar tsayawa takan zo daga baya, a kusa, yana gefen ƙafarka, sannan a riƙa ƙara tazara kaɗan kaɗan. A kusa ana busawa a hankali, a ajiye ƙarfi don nesa. Kuma ba a yawaita. Mutumin da ke busa usur kowane taku yana koya wa karensa ne cewa sautin ba shi da ma’ana.

Ga inda nake son mu fi kasa kunne. Idan ka busa kare bai tsaya ba, kafin ka yanke cewa taurin kai ne, tambayi kanka ko ya ji. Kare da ke iyo, ruwa na fantsama a kunnuwansa, yana haki, da ƙyar yake jin komai. Iskar da ke kaɗowa daga wajensa zuwa gare ka tana danne busarka. Tudu na iya shiga tsakaninku. Sannan wannan dabba ce da ta yi shekaru tana zama kusa da bakin bindiga, kuma ƙarar harbi na lalata kunnenta kamar yadda take lalata namu. Idan tsufa ya zo, siririn sauti yana cikin abin da ke fara ɓace masa. Kare mai shekara tara ko goma da ya daina amsa 210½ sau da yawa bai canza hali ba, kunne ne ya gaza. Irin wannan likitan dabbobi ya kamata a kai shi, a gwada masa usur mai kauri, a koma ga alamar hannu. Bugunsa kuwa zalunci ne. Yankin Wels na Birtaniya ma tun 2010 ya haramta sanya wa kare abin wuya mai jan lantarki da sunan horo.

Don haka, mai sauraro, in kana da kare da kake son ya riƙa amsa kiranka, dubi nisan da zai yi aiki da irin dajin da zai shiga, ka zaɓi sauti ɗaya wanda kai ma kake ji sosai. Ka sayi biyu iri ɗaya, ɗaya a wuya ɗaya a aljihu, kuma ka rubuta lambar a inda ba za ka manta ba.

 

(Sautin usur: gajerun busa a jere)