Intafiron: Saƙon Da Ke Isa Cibiyar Ƙwayar Sankarar Jini

A shekarar 1957, masu bincike biyu a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suka gano wani furotin da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa idan bairos ya afka musu. Suka raɗa masa suna intafiron. A farkon shekarun 1980, likitoci a asibitin MD Anderson da ke Amurka, cikinsu har da Moshe Talpaz, suka nuna cewa yana iya danne wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya da ake kira CML.

Wannan sankara a ɓargo take farawa, yayin da kromosom na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure. Daga nan ake samun gurɓataccen furotin, BCR-ABL, mai tilasta wa fararen ƙwayoyin jini yaɗuwa ba kakkautawa.

Intafiron ba ya shiga cikin ƙwayar. A bakin ƙofa yake tsayawa, ya maƙale wa makarɓinsa da ke jikin fatarta. Hakan ke tayar da furotin biyu, JAK1 da TYK2, su kuma su manna wa STAT1 da STAT2 alamar fosfet, tamkar hatimin da ke ba takarda izinin isa teburin babban sakatare. Sai waɗannan biyun su haɗu da IRF9, su kutsa cibiyar ƙwayar, ma'ajiyar DNA, su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Wasu daga cikinsu suna rage saurin rarrabuwar ƙwayar, wasu suna tura ta ga mutuwa, wasu kuma suna fito da alamun da garkuwar jiki za ta gane ta da su.

Sai dai ba kowane majinyaci allurar ke yi wa cikakken aiki ba, ga kuma zazzaɓi da kasala da take haddasawa. Shi ya sa da maganin imatinib ya fito a 2001, wanda ke toshe BCR-ABL kai tsaye, ya karɓe gurbinta. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya daɗe yana raba shi kyauta.

Duk da haka intafiron bai yi ritaya ba. Imatinib na iya cutar da ɗan tayi, don haka idan mai CML ta samu juna biyu, sau da yawa tsohuwar allurar likitoci ke komawa gare ta, domin a riƙe cutar har ta haihu.