Ɗanki Ya Nace Sai Jitar Lantarki: A Saya ne Ko a Harhaɗa a Gida?

Uwargida, idan kina da matashi ko matashiya a gida mai yawan kallon makaɗa a YouTube da TikTok, wataƙila wannan roƙon ya riga ya iso gare ki: "Mama, don Allah jita nake so, irin mai haɗawa da sifika." Wani yaron ma zai zo miki da dabara, ya ce ba sai an sayi sabuwa ba, a yi odar sassanta kawai shi zai harhaɗa, ai ya fi araha.

Amincewa ko ƙin amincewa da kiɗa a gida shawara ce taki da maigida, kuma kowane gida da tsarinsa. Wannan rubutu na waɗanda suka riga suka ce "to" ne, suke tsoron kada kuɗin da aka tara da ƙyar ya tafi a banza. Shawarata a taƙaice: jitar farko a sayi haɗaɗɗiya mai sauƙin dannawa, a rage kuɗi don amfilifaya da saiti. Harhaɗawa mataki na biyu ne, kuma ba kasafai take rage kashe kuɗi ba.

Shin tana jan mutum?

Wannan ce tambayar farko da iyaye mata ke yi. Ita jitar kanta ba a jona ta da wutar gida. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, makaɗa na kiransa fikof. Idan aka taɓa tsirkiya ta girgiza, sai ya samar da 'yar wuta kaɗan wadda ba ta isa ta cutar da kowa ba, ta bi waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta mayar da ita sauti. Amfilifayar ce ake jonawa a soket, don haka a wurinta ake taka-tsantsan. Zan dawo kan wannan.

Kada kuɗin ya ƙare a kan jita kaɗai

Jitar lantarki ba ta tafiya ita kaɗai. Tana buƙatar amfilifaya, wayar haɗi, jaka, maɗaurin rataya, da tsirkiyoyin canji. Akwai kuma kuɗin mai saiti. Farashi yana bin canjin dala, saboda haka ki yi lissafi da kaso: kusan rabin abin da ke hannunki ko sama kaɗan a kan jita, kwata a kan amfilifaya, ragowar a kan ƙananan kaya da saiti. Na'urar daidaita sauti kuwa ba sai an saya ba, akwai manhajoji na kyauta a waya.

Manyan kamfanoni suna da samfurin masu ƙaramin ƙarfi. Fender yana da Squier, wanda ya fara fitar da jita da wannan suna a 1982. Gibson yana da Epiphone, Ibanez yana da GIO, Yamaha kuma yana da Pacifica, wadda malaman jita da dama ke ba ɗalibai shawarar farawa da ita. Idan kuwa aka miƙo miki jita mai tambarin Gibson ko Fender a farashin ƙaramar waya, ki ɗauka jabu ce. Gara Squier ta gaskiya da Fender ta bogi.

Ta hannu ma ba laifi, sau da yawa ta fi sabuwa marar suna inganci. Amma idan a Facebook ko Jiji aka gan ta, kada a tura kuɗi sai an gani an gwada, kuma kada yaro ya je wurin mai sayarwa shi kaɗai.

Gwaji shida kafin ki biya

Ba sai kin iya kiɗa ba. Ki tafi da yaron, da wayarki, da katin ATM guda uku.

1. Tsayin tsirkiya. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa a gicciye, ana ce musu firet. Ki ƙirga zuwa na 12, yawanci kusa da inda ake sa ɗigo biyu. Tazarar da ke tsakanin wannan ƙarfe da tsirkiya mafi kauri ta kasance wajen milimita 2. Kaurin katin ATM ɗaya bai kai milimita ɗaya ba, uku a haɗe sun ɗan haura biyu. Idan katunan uku suka shige har da sauran fili, tsirkiyar ta yi sama, yaro zai sha wuya wajen dannawa. Wannan shi ne abin da ya fi sa yara ajiye jita bayan wata guda, iyaye su ɗauka ƙiwuya ce.

2. Miƙewar wuya. Ki ɗaga jitar ki hango wuyan daga kai zuwa jiki, kamar mai duba ko katako ya miƙe. 'Yar lanƙwasa kaɗan ana gyara ta, domin akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa. Amma idan wuyan ya murɗe gefe, ki bar ta ko da kyauta ce.

3. Bakin ƙarafa. Ki bi gefen wuyan da yatsa a hankali. Idan ƙarafan suna karce ki, za su yanki hannun yaro sai an goge su.

4. Riƙe sauti. A daidaita tsirkiyoyin da manhaja, a kaɗa na minti biyar, a sake dubawa. Idan sun sauka sosai, kunnuwan ɗaurewa ba su da kyau, sai dai in tsirkiyoyin sababbi ne da ba su gama miƙewa ba. Sannan a kaɗa tsirkiya a sake, a kuma danna ta a firet na 12: manhajar ta nuna harafi ɗaya a duka biyun.

5. A jona ta. A juya kowane maɓalli, a motsa wayar haɗin a bakinta. Ƙarar "ƙyar-ƙyar" ko yankewar sauti alamar matsala ce. Ɗan gurnani siriri kuwa al'ada ce ga fikof mai naɗi ɗaya. Mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, an ƙera shi ne don kashe wannan gurnanin.

6. Girma da nauyi. Yawancin jitar lantarki tana tsakanin kilo 3 zuwa 4, wasu samfurin Les Paul ma sun haura haka. Yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ko 12 zai fi jin daɗin gajeriya, irin Squier Mini. Idan kuma bahago ne, a faɗa tun farko, akwai tasu daban.

Ƙari ɗaya: akwai jita mai gada mai lilo da makullai a kai, ana ce mata Floyd Rose. Yara na son ta saboda suna ganin ta a hannun gwanaye, amma canza mata tsirkiya aiki ne ja. Ba ta mai koyo ba ce.

To, batun harhaɗawa fa?

Ba wauta yaronki ya faɗa ba. Tun 1950 da Leo Fender ya fitar da jitar da daga baya aka sa wa suna Telecaster, ya tsara ta yadda ake ɗaure wuya a jiki da sukuru huɗu, a kwance a canza. Shi ya sa har yau ake sayar da sassa daban-daban, ko kuma saiti guda a kwali.

Kuma akwai waɗanda suka fara da haka suka shahara. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua a Nijar, wanda yanzu yake zagaya Turai da Amurka da kiɗansa, da katako da wayar birkin keke ya ƙera jitarsa ta farko. Brian May na ƙungiyar Queen a Ingila ya fara ƙera tasa tare da mahaifinsa a 1963, da katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, aikin ya ɗauke su kusan shekara biyu, kuma da ita ya yi suna. Eddie Van Halen a Amurka ya sayi jiki a dala 50, wuya a dala 80, ya haɗa tasa.

Sai dai ki lura, mahaifin Brian May injiniyan lantarki ne, Van Halen kuma ya riga ya gwanance kafin ya haɗa tasa. Mai koyo bai san yadda jita mai kyau take a hannu ba, don haka idan tasa ta ƙi daɗi ba zai gane ko laifin yatsunsa ne ko na haɗin ba.

Ga kuma lissafin da yara ba sa yi. Bayan kuɗin sassan akwai kuɗin jigila da na kwastan. Jikin yakan zo ba fenti, sai an sayi samfefa da fenti da banish. Sai ƙarfen narka dalma da sauran kayan aiki. Idan daga kamfanoni daban-daban aka tsinto sassan, wuya na iya ƙin zama a gurbinsa, domin wasu da inci suke awo wasu da milimita. A ƙarshe ma sai an kai wa mai saiti. Ranar da aka tashi sayarwa kuma, jitar da aka haɗa a gida ba ta da daraja a kasuwa kamar mai suna.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sayi mai araha ko ta hannu, yaro ya yi shekara yana koyo, ya iya canza tsirkiya da kansa. Idan har lokacin sha'awar tana nan, ya fara da canza sashe ɗaya, kamar fikof ko kunnuwa. Daga nan, saiti guda na kamfani ɗaya zai iya zama aikin dogon hutu shi da babansa ko kawunsa. A lokacin abin da kike saya masa shi ne koyon aikin hannu, kuma wannan ya cancanci kuɗinsa.

Inda aikina na jinya ya shigo

Kunne. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan ƙara ta lalata su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yara kuma desibel 75. Idan ƙarar ta kai 90, awa 4 kacal ke nan a mako. Amfilifaya mai wat 10 zuwa 20 ta ishi ɗaki har ta yi yawa. Gwajin gida: idan kina tsaye kusa da shi sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki, ƙarar ta wuce kima. Idan ya ce kunnensa na ƙugi bayan ya gama, a rage, idan ƙugin ya kwana biyu bai tafi ba a je asibiti. Akwai ƙananan amfilifaya masu batir, irin Vox amPlug da ake sa wa abin saurare na kunne. Suna aiki ko an ɗauke wuta, maƙwabta ma su huta, amma fa ke ba za ki ji ƙarar ba, don haka ki riƙa karɓa kina sa wa a kunnenki lokaci-lokaci.

Wuta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifayar hannu da ta fito daga can, a karanta bayanta kafin a jona, in ba haka ba ta ƙone nan take. Kada a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket, ita ce kariyar mai kiɗa. Kada ya kaɗa ba takalmi a kan siminti mai laima. Idan ya ji tsirkiya na ɗan jan sa, a cire filogi a kira mai gyara. Kuma kada yaro ya buɗe cikin amfilifaya, wasu suna riƙe wuta ko bayan an cire su daga soket.

Dalma. Wadda masu gyaran rediyo ke liƙa waya da ita yawanci kashi 40 cikin ɗari gubar dalma ce, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Abin da za a taɓa a nan kaɗan ne, amma babu adadin da ake ɗauka lafiya ne ga yaro. Kada a yi aikin a kicin ko inda ake cin abinci, a buɗe taga, a share ɓurɓushin kafin mai rarrafe ya tsinta, a wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu ta nisanci wurin. Mafi sauƙi ma, a kai wa mai gyaran rediyo ya liƙa. Fesa fenti kuma a tsakar gida, nesa da mai asma.

Yatsu. Za su yi zafi na makonni biyu zuwa huɗu kafin su yi kanta. Tsirkiya siririya mai lamba 9 ta fi sauƙi, kuma minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Idan fata ta fashe a huta. Yarinyar da ɗan kunnen araha ke sa wa ƙaiƙayi, tsirkiya ma na iya yi mata haka saboda sinadarin nikel da ke jikinta, sai a nemi wata iri.

Hunturu da damina

Katako ne, yana jin yanayi. Da hunturu yakan bushe ya tsuke har bakin ƙarafa ya fito, da damina kuma tsirkiya ta yi tsatsa. A riƙa goge ta da busasshen ƙyalle bayan kiɗa, a mayar da ita jaka, kada a bar ta a rana ko a cikin mota.

Kafin ki fitar da ko kwabo, idan akwai wanda zai ara masa jita na wata ɗaya, a fara da aro. Yaron da ya jure zafin yatsu na makonni huɗu bai ajiye ba, kuma karatunsa bai ja baya ba, ya nuna miki da gaske yake.

Ke fa, 'yar'uwa, an taɓa kawo miki wannan roƙon? Idan kin saya, wace iri ce kuma ya ta kasance? Ki rubuta mana a ƙasa, wata uwar za ta amfana.